Mai Gadin da Ya Kore Mana Ɗalibi

A shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gummi, akwai wani wasan talabijin mai dogon zango da ake maimaitawa ranar Lahadi bayan la'asar. A rumfar taubashina mai shayi muke kallo. Labarin wasu masu kuɗi ne na birni, amma ni mai gadinsu ne ya dame ni. Aikinsa bai wuce buɗe ƙofa da rufewa ba. Haka kawai masu shirya wasan suka ga dama suka sa shi makarantar manya. Ya riƙe fensir kamar fartanya, ya zaro harshe, ya juya littafi kai a ƙasa. Rumfa ta kwashe da dariya.

Tun daga ranar, in mun zo wucewa da littattafanmu, ni da abokina masunci, sai taubashina ya ɗaga ludayi ya ce, "Masu gadi, a buɗe muna ƙyaure. Harafi nawa kunka kamo yau?"

Ni ba damar fushi. A wasan taubasai, wanda ya ɓata rai shi aka kayar. Sai in ce, "Ko ɗaya ne, ya fi shayinka kauri."

Amma abokina ba taubashinsa ba ne. Dattijo ne mai jikoki, kuma abu ɗaya ya kawo shi aji: matarsa na fama da hawan jini, yana so ya riƙa karanta takardar maganinta da kansa, ba sai ya bi maƙwabta ba. Mako uku ya jure. A na huɗu ya daina zuwa.

Na same shi a bakin gulbi yana ɗinkin koma. Bai ɗago ba ya ce, "Aboki, da furfurata za a riƙa yi mani dariya gaban surukaina? Ka bar ni."

Na roƙi taubashina ya tsaya a kaina ni kaɗai. Ya daina, amma an riga an yi ɓarna.

Ni kuwa na ci gaba da kallo, ina jiran ranar da za su bar mai gadin ya karanta ko layi ɗaya, in kai wa abokina labari. Na jira har aka yi dashen shinkafa. Wata Lahadi sai ga wani ƙato daban yana gadin ƙofar a wasan. Mutanen gidan ko cigiyar tsohon mai gadin ba su yi ba. Mutumin da ya raba mu da ɗalibi, ashe su bai kai a tambaye shi ba.

Da na gaji, sai na riƙa kai masa darasin bakin gulbi duk Litinin, inda ba mai ganinmu. Tafiyar hawainiya muka yi, don ni ma koyo nake. Kafin a yanke shinkafa ya iya gane "safe" da "dare" da yawan ƙwayoyi a takardar. Ajin dai har yau bai koma ba.