Zobba a Jikin Motar Amarya

A garin Câmpulung, duk wanda aka yi wa motarsa sabon fenti ya san da sauran aiki sai ya bi ta garejin Kawu Ilarie. Shekara talatin da huɗu yana sana'a guda. Mai fenti ya fesa, wani mai gaggawa ya bi da injin gogewa ya bar siraran zobba kamar saƙar gizo-gizo, shi kuma Ilarie ya fitar da su. A inuwa ba a ganin zobban nan. Sai mota ta fito rana suke bayyana, balle a baƙin fenti.

Aikinsa a tsare yake. Ya fara da faifan gashin tunkiya, ya ƙarasa da soso mai laushi, wayar injin kuwa kullum tana saɓe a kafaɗarsa don kada ta taɓa jikin mota. Baki gare shi kuma, abin ba a magana. Mutum zai kawo mota yana washe haƙora, Ilarie ya kanne ido ɗaya ya ce, "Wa ya goge maka wannan? Da bulo ya yi?" Ana haƙuri da shi ne saboda idonsa, don an ce daga tsallaken titi yake hango zobe. Idon nan shi ne jarinsa, da shi yake taƙama. Bayan abincin rana yakan hau sama ya yi barcin awa biyu, ko gobara ake ba a tashinsa.

Da bikin 'yarsa Ruxandra ya matso, ya rantse ba motar haya da za ta kai ta coci. Ya sa aka sake wa tsohuwar motar mahaifinsa baƙin fenti, ya kwana uku yana gogarta. Ranar bikin, Asabar da hantsi, ya fito da ita tsakar gida, don mata su ɗaura tawul masu ado a madubai kamar yadda ake yi wa motar amarya. Ya koma gefe yana jiran yabo.



Maƙwabcinsa Gavril mai facin taya, wanda suka shekara ashirin suna tsokanar juna, shi ya fara magana. "Ilarie, wasa kake, ko? Wane makaho ka ba aikin nan? Kai, dubi gaban motar, zobe a kan zobe!"

Ilarie ya duba. Ƙyalli kawai ya gani. Ya zagaya, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya yadda ya saba. Baƙin fenti sumul, da rana tana kashe masa ido. Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya juya kan matan da tsawa. "Wace ce ta share min mota da tawul? Ku faɗa min!"

Babu wadda ta ko matso kusa da motar tukuna. Tawul ɗin suna hannunsu a ninke.

Sai ga matarsa Zamfira ta fito daga kicin, hannunta na warin kabejin da ta yi mako tana naɗe nama a ciki don baƙi. Ta kalli motar, ta dafe ƙirji, ta ja hannun rigarsa zuwa cikin gareji.

"Maigida, ba wanda ya taɓa ta. Matsalar ke nan."

"Me kike nufi?"

"Ni ce ban taɓa ta ba. Girkin biki ya sha kaina." Ta haɗiye yawu. "Shekara biyu ke nan, in ka hau barci sai in sauko in bi bayanka da soson. Tun ranar da likitan haƙori ya dawo da motarsa ka ce sharri yake maka. Ba sharri ba ne, Ilarie. Na gani da idona."

Ya zauna a kan tsohuwar taya. Shekara biyu! Ya tuna motocin da ya miƙa wa masu su yana buga ƙirji, da masu fentin da ya ci wa mutunci. Kunya ta rufe shi, tsoron abin da ya sami idonsa kuma ya fi kunyar yawa.

"A ina kika koya?"

"Shekara talatin ina kawo maka kofi ina tsaye. Ka ɗauka bango nake kallo?"

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Kai ake faɗa wa magana?"

Ƙarfe goma ta wuce, ƙarfe biyu za a shiga coci. Zamfira ta goge hannu a zanin girkinta ta ce a maido da motar inuwa. Gavril da kansa ya turo ta. Ya kama ƙofar garejin zai rufe don ya rufa wa abokinsa asiri.

"Bar ta a buɗe," in ji Ilarie. "Tana bukatar haske."

Dangi na tsaye baki buɗe, Zamfira ta ɗora soso, ta ɗiga man gogewa, ta tayar da inji. Tana tafiya a hankali layi bayan layi, yadda shi yake yi sak. Wayar ta zame daga kafaɗarta za ta shafi fenti. Ilarie ya yi wuf ya cafe ta, ya ɗaga sama, ya yi ta bin matarsa a baya duk inda ta nufa.

Wajen ƙarfe ɗaya aka sake fito da motar rana. Ilarie ya tsaya a gabanta ya daɗe, ƙyallin nan dai shi yake gani. Sannan ya juya, murya ƙasa-ƙasa, ya yi tambayar da mutane suka shekara talatin da huɗu suna yi masa.

"Zamfira, sun fita?"

Ta kanne ido ɗaya. "Saura ƙofar baya. Riƙe min wayar."