Fumfunar da Ke Ƙirjin Baba

A gida Auta ake ce mata, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A wurin aiki kuwa, ɗakin gwaje-gwajen wani babban asibiti, Uwar Fumfuna suke kiranta, don ita ke kula da ɗakin ƙarshen baranda, inda ake ajiye fumfunar da aka samo daga jikin majiyyata. Siraran kwalabe ne jere a kan kanta, wasu a firiza, kowace da abin da ke rayuwa a cikinta, wani kore, wani baƙi, wani fari tas kamar auduga. Masu shara ba sa son shiga. Ita kuwa takan ce 'ya'yanta sun fi na kowa ladabi, ba kuka ba ƙiriniya, a ba su abinci a ja musu ƙofa kawai.

Ba sha'awa ce ta kawo ta wannan aiki ba. Mahaifinta ma'aikaci ne a wurin yankan katako, mutum mai yawan raha, kullum yakan dawo da garin katako har cikin gira. Tana 'yar firamare ya fara tari, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An yi masa maganin tarin fuka ba sauƙi, sai can daga baya likitoci suka gano fumfuna ce ta yi gida a huhunsa. A ɗakin da yake kwana akwai bango ɗaya mai shan ruwa, bayan kabad ɗin kaya, da wani tabo kore-kore mai warin tsohuwar rijiya. Baba ya sha cewa su tashi daga gidan. Inna ta yi ta ba shi haƙuri, don gidan yana kusa da na mahaifiyarta, wadda ke kwance ba mai jinya sai ita.

Ranar da aka binne shi, Gwaggo, yayar Baba, ta shiga ɗakin ta ture kabad ɗin, ta tsaya tana kallon bango. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ga abin da ya ci ƙanena nan," ta ce. "Ya ce a tashi, aka ƙi."

Magana zarar bunu ce. Inna na tsaye bakin ƙofa, Auta na riƙe da gefen zanenta. Tun daga ranar Inna ba ta sake aure ba, ba ta kuma bar gidan ba. Ta hana kowa kwana a ɗakin. Takan kankare bangon da buroshi da sabulu har hannunta ya ɗaɗe, a yi fenti, ruwa na sauka tabon ya dawo kamar mai bin sawu. Auta ta girma tana wuce ƙofar da sauri. Ko da rana tsaka, gida cike da hayaniyar yayyenta, wani lokaci sai ta ji kamar an yi tari a ciki.

Da ta gama karatu ta samu aiki a asibitin da Baba ya kwanta. Tsohon shugaban ɗakin gwajin mutum ne da ba ya zubar da komai, ya yi ritaya ya bar mata kwalabensa. Tana cikin goge su ta ci karo da ɗaya mai sunan mahaifinta, tawadar ta kusa gogewa. Abin da aka tsirar daga kakin tarinsa ne, yana kwance a ƙarƙashin man adanawa, da ransa.

Ta je gida ta kankaro ɗan tabon bango ba da sanin Inna ba. Ta shuka su biyun a farantan gilashi, suka tsiro. Launi ɗaya, gashi ɗaya. Ta ɗora su a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, nan ma ba ta ga abin da ya raba su ba, ko uwa ɗaya uba ɗaya sai haka. A zamanin kuwa da ido ake ba fumfuna suna, abin da madubi ya nuna shi ne hukunci. Ashe Gwaggo ta yi gaskiya ke nan. Auta ta bar wa cikinta. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta aurar da babbar. Abin da mijinta ya sani kawai shi ne, duk ranar da ta je gaida Inna takan dawo shiru, abinci ma sai ta tsakura.

Shekaru suka ja, aka kawo musu sabon ma'aikaci, wani siriri da kowa ke kira Dogo, tare da na'urar karanta ƙwayoyin gado. Aikinsa shi ne ya sake tantance duk abin da ke cikin kwalaben. Ya bayyana mata cewa kama da wane ba ta wane: akwai fumfunar da ido ke ɗauka iri ɗaya ce, amma in aka karanta rubutun da ke cikin ƙwayoyinta sai a tarar iri uku ce ko huɗu, dangi ne kawai, kowa da halinsa da inda yake son zama. Ya yi mata ba'a cewa ta shirya, rabin 'ya'yanta za su sake suna. Haka kuwa aka yi. Sunaye da yawa da ta rubuta da hannunta, ita ce ta kankare su.

Ta daɗe tana ja da baya kafin ta kawo masa farantanta biyu. Ta faɗa masa na wane ne, da inda ɗayan ya fito. Dogo ya daina dariya, ya karɓa da hannu biyu.

Da sakamakon ya fito, da hantsi, ya kira ta gaban kwamfuta. Layukan haruffa ne biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya bi su da bakin biro yana nuna mata inda suka saɓa, nan da nan da can. Ya ce ba iri ɗaya ba ne. Ta huhun Baba irin wadda ke son ɗumi ce, ana yawan samunta a tulin ruɓaɓɓen ganye da garin katako da ya jiƙe. Ta bangon 'yar uwarta ce ta nesa. Sai dai ya ƙara da cewa, tsakaninsa da Allah, ba zai rantse a kan abin da ke bangon a lokacin jinyar ba, tun da an kankaro wannan ne shekaru bayan rasuwar.

Auta ta zauna a kan kujerar da ba tata ba. Ta zaci za ta ji an sauke mata kaya, sai ta ji kanta fayau kamar ɗakin da aka kwashe.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana shanya. Ta zaunar da ita ta faɗa mata komai, har da abin da Dogo ya ce ba zai rantse a kai ba. Inna ta saurara tana murza bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ambaci Gwaggo ba, wadda ta riga mu gidan gaskiya tuntuni. Abu ɗaya ta tambaya.

"Kika ce yana da rai?"

"Yana da rai, Inna."

"Kai ni in gan shi."

Washegari Auta ta ɗaura mata takunkumi a fuska, ta riƙe hannunta har ƙarshen baranda. Ta nuna mata yadda ake rufe ido ɗaya a leƙa madubin. Inna ta daɗe a sunkuye har Auta ta ji tsoron bayanta. Da ta ɗago sai ta ce abin ya yi kama da filin furanni, ba ta zaci zai yi kyau haka ba. Sannan ta ce a hankali, "Shi ya raka Babanku har ƙarshe. Ni a waje likitoci suka tsayar da ni."

Auta ta ce in tana so yau ɗin nan za ta saka kwalbar a tukunyar ƙona ƙwayoyin cuta, a huta. Inna ta girgiza kai. Ta ce abin da ya ci daga jikin mutum ba a ƙona shi kamar shara.

Kafin shekara ta zagayo Inna ta yarda ta koma gidan babban ɗanta, abin da aka yi ta fama da ita a kai tun ƙarfinta bai ƙare ba. Ba ta ce ta yafe wa kanta ba, ba wanda ya tambaye ta kuma. Wani makaniki ya karɓi tsohon gidan, ya mai da ɗakin Baba wurin ajiye tayoyi.

Auta na nan a ɗakinta na ƙarshen baranda, ritaya ta kusa. In abincin kwalbar ya tsufa takan sauya masa sabo, tana riƙe numfashi duk da takunkumin. Inna kan kira ta a waya da yamma, ta tambayi maigida, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, can kafin ta kashe sai ta rage murya ta ce, "Mutumin naku fa, yana nan?" Auta ta ce yana nan.