Neman Aiki a Bukit Bintang da Fasfona a Hannun Wani

A ƙofar ofishin gabana ya fara faɗuwa. Babu mai gwada zafin jiki, babu lambar da ake ɗauka da waya kafin a shiga. A Kuala Lumpur ta lokacin korona, ko kedai, wato ɗan shagon mai kayan miya, ba ka shiga haka kawai.

Mun tashi da asuba daga Taman Melati, ni da Anti, matar yayana. Talla na gani a waya: kamfanin da ke cinikin hannun jari da kuɗinsa na kansa yana neman 'yan ƙasashen waje, ba sai da digiri ba. Ni kuwa a sakandare lissafi ne abin tinƙahona. Jirgin ƙasa na LRT wayam, kujera ɗaya a zauna, ɗaya an manna mata alamar hani. Muka sauka muka ci gurasar roti a wurin mamak mai sayar da abinci, ringgit biyu, muna ɗaga takunkumi kamar masu satar ci. Bukit Bintang da na sani da cunkoso, rabin shagunanta a rufe.

Mutumin da ya tare mu a ofishin bai yi mini tambayar lissafi ko ɗaya ba. Fasfona ya karɓa, wai zai yi kwafi, ya sa a aljihu. Ya ce mota na ƙasa, za ta kai ni horo na wata uku can arewacin ƙasar, wayata kuma ta zauna a wurinsu.

Sai Anti ta sauke takunkuminta ta fara tari. Ta ce masa da Turanci mijinta na kwance da zazzaɓi, sakamakon gwajinmu muke jira. Sannan ta juyo, da Hausa: "Ke ma yi mana, kin tsaya kamar gunki." Na yi. Ya ciro fasfon, da bakin biro ya turo mini shi a kan tebur, yana ja da baya.

Muka fice zuwa ofishin 'yan sanda, Yaya ya same mu a can, muka ba da rahoto, muka koma gida. A hanya ya kira abokinsa da ke irin wannan aiki na gaske. Abokin ya ce ana ɗaukar baƙi, amma kaɗan: sai da digiri, sai an yi ta jarraba ka da lissafi, kuma kamfanin ne ke nema maka takardar izinin aiki. Fasfo kuwa ba ya kwana a aljihun kowa. To, hanyar ke nan, kuma zan bi ta. Na ce wa Yaya ya samo mini fom ɗin jami'a.

Ƙarfe biyar saura kwata 'yar sandar da ta karɓi rahotonmu ta kira wayar Yaya. Ta ce in kwantar da hankali, tunda ban sa hannu a komai ba, kuma mutanen kamfanin adireshinmu ma ba su da shi. Yaya ya ajiye wayar ya ce, "Ƙanwata, kin tsira. Tashi ki ci abinci."