Alhamis Ɗin da Kakana Ya Bayar

Jiya na shiga wani butiki a unguwar Guillotière, nan Faransa, neman busasshiyar kuɓewa, sai matar da ke gabana ta buɗe ɗan jan gwangwanin man zafin nan na Sin, ta shafa a goshi. Ƙamshin ya bugi hancina, nan take raina ya ɓaci. Na fito ban sayi komai ba. Har na hau jirgin tiram zuwa unguwar Bron ina ta ƙunƙuni ni kaɗai, wata tsohuwar Baturiya tana kallona. Ta yi ta kallo, ina ruwana.

Bari ka ji abin da man nan ya tono mini.

Kakana baduku ne a Damagaram. A zaurenmu yake aiki, cikin warin sabuwar fatar da aka jeme da bagaruwa, yana ɗinka kube da jakunkuna da matasan kai. Ni ce jikarsa ta fari, don haka uwargida yake ce mini, ni kuma in ce masa mijin da ba ya cefane. Ina shekara tara yanar ido ta kama shi. Da farko basilla kawai yake miƙo mini in zura masa zare. Daga baya ya fara soke yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba, wai kada in gani.

A lokacin akwai likitoci ƴan Sin a babban asibitin garinmu, gwamnatinsu ta aiko su. Mai aikin ido mace ce, gajeruwa, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "buɗe ido" ba, kuma ranar Alhamis kaɗai take fiɗa. Ni na raka Kaka. Ta haska idonsa, ta ce ta bakin tafinta aikin mai sauƙi ne, ta ba shi kati mai ɗauke da ranarsa, Alhamis mai zuwa. Da ta ga ina murza goshi saboda zafin rana, sai ta miƙo mini irin wannan gwangwanin.

Muna fitowa muka tarar da tsohon da ya koya wa Kaka dukanci tun yana yaro, zaune a kan benci. Shi ma yanar ce, amma ranarsa sai bayan Alhamis uku. Kaka ya durƙusa ya gaishe shi. Sannan ya koma wurin tafinta ya roƙa a musanya musu rana.

Da labari ya iso gida, kakata ta ajiye muciya. "Malam, kunyar ce za ta zura maka zare?"

"In ga gari kafin maigidana? Da wane ido zan dube shi?" in ji Kaka. "Alhamis uku ce fa. Ai ba gudu za su yi ba."

Ashe gudun za su yi. Mu ba mu san Sin tana da abokiyar gaba mai suna Taiwan ba, balle mu san cewa duk ƙasar da ta miƙa wa ɗaya hannu, ɗayar za ta ɗauke ƙafa. Manyanmu a babban birni suka juya wajen Taiwan, Sin ta yi fushi ta kira mutanenta gida. Wai an faɗa a rediyo, amma damina ce, kowa yana gona.

Ranar Kaka ta zo. An sha ruwa da asuba, gari yana ƙamshin ƙasa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, na riƙe masa hannu muna kauce wa taɓo. Muka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin ido. Maigadi ya ce sun tafi tun Litinin.

Kaka ya dubi maigadi ya ce, "Wani laifi muka yi musu?"

"Ba ku ba ne, Baba. Manya ne."

Manya! Wallahi har yau in na ji kalmar nan sai jinina ya tafasa. Waɗanda suka aiko likitocin, ashe ba don idon Kaka suka aiko su ba, don tutarsu ne. Namu da suka juya, ba wanda ya tambayi mutum nawa ke riƙe da kati. Shi kansa Kaka na ji haushinsa, ban ɓoye ba, na daina ce masa mijina har wata guda. Tsohon maigidan nasa kuwa ido ya buɗe tar. Kullum da hantsi sai ya zo zaure ya zura wa Kaka zare yana share hawaye, har ranar da zaren ma ya daina amfani.

Kaka ya cusa katin cikin hularsa. Duk Alhamis sai ya ce, "Uwargida, je ki duba ko an buɗe." In je, in dawo, in ce da sauran kwaɗo. Bayan shekara huɗu manyan suka shirya, aka sake ɗaga tuta, wasu likitocin suka zo. Kaka bai kai ba, daminar da ta gabaci zuwansu muka binne shi.

Yanzu ɗiyata tana karatun hulɗar ƙasashe a Paris. Kwanan baya ta kira ni tana zuba, rabi Hausa rabi Faransanci, wai wa nake goyon baya a kokawar da ake yi kan ƙasashenmu, Sin ko Faransa ko Amurka. Na tambaye ta ko littafinsu ya faɗi wancan juyin. Ta ce e, layi biyu ne, ƙaramin saɓani. Na ce ta gaishe da malamanta, na kashe waya.

Katin yana cikin jakata, tare da takardar zamana a ƙasar nan. Ban taɓa gaya wa ɗiyata yadda muka rabu da Kaka ba. A makonsa na ƙarshe, yana kwance, ya lalubo hannuna ya ce, "Uwargida, yau wace rana?"

Alhamis ce. Na ce masa Laraba.