Waƙoƙin Tsibirin Komoro a Shagonmu na Darrasa

Ban taɓa mantawa da ranar da 'yar Malam Sa'idu ta shigo shagonmu na unguwar Darrasa, a ƙasar Masar, ba. Watan Sha'aban ne, a shekarar da na rasa matata, lokacin da nake daɗewa a shago don kada in koma ɗaki.

Aikinmu buga rubutu ne a kwamfuta, yawanci kundin ɗalibai. Ƙa'idar ita ce, in an gama bugawa sai mai aiki ya duba ya gyara, sannan a fitar a takarda. Ammu Fathi, mai shagon, bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan ba.

Malam Sa'idu dattijo ne daga Komoro, wasu ƙananan tsibirai a gabashin Afirka. Karatu ya kawo shi Masar, ya tsufa a nan. Ya haddace waƙoƙin tsofaffin marubutan garinsu, waɗanda ya ce danshin teku ya cinye takardunsu. Yakan zauna kusa da ni yana faɗa, ina bugawa da haruffan Larabci kamar ajaminmu, ba tare da na san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Mun kai ƙarshe, saura dubawa, sai Allah ya yi masa rasuwa.

'Yarsa Zalhata ta zo daga Faransa, inda ta tashi wurin mahaifiyarta. Tana son ta kai littafin tsibirin. Ammu Fathi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Abin da ba a duba ba, ba ya fita daga shagona. Wa zai duba?"

Ta ce, "Ammu, ina jin harshen, amma ban iya karanta wannan rubutun ba."

Na ce, "Ni kuma ina karantawa, ba na ji."

Ya dube mu, ya ce, "Makaho da gurgu. Yalla, ku gwada."

Na fara karantawa da ƙarfi. A baiti na farko ta yi dariya, ta ce, "Ustaz, ka mai da jirgin ruwa akuya." Ta faɗi daidai, na gyara. Haka muka yi ta tafiya, ina karantawa tana saurare da ido a rufe. Wani wurin takan ce in maimaita, ba don kuskure ba.

Da muka zo wata waƙa ta matan masunta, sai ta tsayar da ni a kan layi ɗaya. Na maimaita, ta girgiza kai. Ko ni na ji ba daidai ba lokacin da mahaifinta ke faɗa, ko tsohuwar kalma ce da ba ta sani ba. Wanda za mu tambaya yana maƙabarta. Na ce ko ta sa abin da ya yi kama. Ta ce, "A'a. Bar wurin fari. Wataƙila akwai tsohuwar da ta sani a can."

Haka aka fitar da littafin, da giɓi a tsakiyar shafi. Ta rungume shi ta tafi, ban sake jin labarinta ba.

Ina ba ku wannan labari ne ku sababbin ma'aikata da kuka fara aikin nan: mutane za su kawo muku abin da ba su da kwafinsa sai a kansu. Kada ku ce sai gobe a duba. Kuma inda ba ku sani ba, kada ku cike wa mamaci bakinsa.