Ta'aziyyar da Ta Tayar da Motar Malam Haladu

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Malam Haladu, tsohon direban motar ma'aikata a wani kamfanin jima da ke Challawa. Ya rasu ne a tsakiyar kullen korona, lokacin da aka rufe hanyoyin shiga Kano da na fita. Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami bana shi ne yadda maganar farfaɗo da yawon buɗe ido ta cika gidajen rediyo. Ana ta taro a otal-otal, ana shan lemo, ana neman dabarar da za ta sa mutane su koma tafiye-tafiye. Duk sanda na ji, sai in tuna mutumin da ya daɗe yana wannan aiki ba tare da ya taɓa yarda ya kira shi da wannan suna ba.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, don haka na sha yi masa lacca a kan amfanin fita a ga duniya. Yakan bar ni in kai aya, sannan ya ce, "Malam, ka je ƙofar kamfani ka ce wa mutum ya zo ku tafi kallon dutse. Zai tambaye ka me dutsen ya yi. Amma ka ce masa an yi wa wane rasuwa a Birnin Kudu, kafin ka rufe baki ya sa hula." A ganinsa mutumin Kano ba ƙin tafiya yake yi ba, kunyar tafiya babu dalili yake ji. Magidancin da ya kashe kuɗin mota don kallo kawai, me zai ce wa iyalinsa?

To, dalili kuwa ba ya yankewa a masana'antu. Ma'aikatan Challawa da Sharada da Bompai yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito, wasu daga Nijar. Ba a rasa wanda aka yi wa haihuwa, ko ƙanensa zai yi aure, ko ya rasa mahaifi. Da kamfani ya sauya motoci, Malam Haladu ya sayi tsohuwar bas ɗin da yake ja, ya riƙa kwasar mutane ranar hutu, kowa ya ba da nasa na mai. A je a yi addu'a, a ci tuwo. Sai an wanke hannu zai miƙe ya kaɗe riga ya ce, "To, tunda mun zo." Da wannan magana ya kai masu wankin fata gaban zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu. Da ita muka tsaya a bakin ruwan Tiga, da ita muka shiga kasuwar Maraɗi muka fito da cuku da kilishi. Mai gayya shi ne ɗan jagora, kuma na ga mutanen da ba su taɓa buɗe baki a wurin aiki ba suna bayanin garinsu kamar ba za su daina ba. Masu abinci da masu tabarmi na waɗannan garuruwa ba su san sunan abin da ake yi ba, amma sun san ranar da koriyar bas ta zo ana ciniki.

Wuri ɗaya ne bai taɓa kai mu ba, wato ƙauyensu da ke gefen fadamar Baturiya, can ƙasar Haɗejia. In an matsa masa sai ya ce babu komai a can sai ruwa da sauro da tsuntsaye. Na taɓa gaya masa cewa wasu daga cikin tsuntsayen nan daga Turai suke tasowa duk lokacin sanyi. Ya ce, "Ka gani? Su ma zumunci ne yake kawo su."

Da ya rasu, mu kaɗan ne muka sallace shi. Yayarsa, Goggo Amina, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana can ƙauye ba ta samu zuwa ba, mu ma ba mu samu zuwa gare ta ba. Mutumin da ya kai jama'a ta'aziyya gari-gari, tasa a waya aka yi ta. Bas ɗin kuma ta zauna a ƙofar gidansa a Zawaciki, tayoyi suka sace, awaki suka samu inuwa.

An buɗe hanyoyi, amma tafiya ba ta dawo ba. Mai ya yi tsada, wasu kamfanoni sun rage ma'aikata, mutane kuma sun saba da aika gaisuwa ta waya. Ƙanen Malam Haladu, Alhaji Sani, wanda yake kula da marayu, ya ce a sayar wa 'yan gwangwan da motar tun tana da sauran daraja. Ba zan ce bai yi gaskiya ba, dukiyar marayu ce take ruɓewa a rana. Babbar 'yar marigayin, Bilkisu, wadda take aikin ofis a wani kamfanin abinci a Bompai, ita ce ta roƙi a dakata. Baffan nata ya yarda bisa sharaɗi: a gyara motar, a yi tafiya ɗaya, in ba ta cika ba, magana ta ƙare.

Bilkisu ta fara da dabarar zamani. Ta haɗa sanarwa mai kyau da hoton ruwan Tiga, ta rubuta "yawon buɗe ido" da manyan baƙaƙe, ta watsa a waya. Yabo ya zo da yawa. Waɗanda suka kira kuwa, tambayarsu ita ce ko kyauta ne. Wata ranar Asabar ta zo gidana ta zauna, na ɗauka ta zo ne ta gaya mini ta haƙura da motar. Can sai ta ce, "Baba, ku abokan Abba har yau ba ku je kun yi wa Goggo ta'aziyya ba fa."

Na ce, "Bayan shekara huɗu, Bilkisu?"

Ta ce, "Ita dai har yanzu in na je sai ta tambaye ni ko mutanensa na Kano suna lafiya."

Ba a buga sanarwa ba. Baki ne ya kai maganar ƙofofin kamfanoni lokacin da masu aikin safe suke fita, na yamma suna shiga. Ranar tafiya, cikin sanyin bara, bas ta cika tun ba a gama ɗumama inji ba, sai da aka ɗauko wata haya. Har waɗanda suka bar aiki suka koma noma sun tare mu a hanya. Alhaji Sani ya zauna a gaba kusa da direba.

Goggo Amina ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma da ta ji yawan muryoyin da suke yi mata gaisuwa sai ta ce a matso da ita bakin zaure. Aka yi addu'a, aka ci tuwo da kifi, aka wanke hannu. Kowa ya san abin da ya saura, kowa kuma ya san mai faɗarsa ba ya nan. Alhaji Sani ne ya miƙe, ya kaɗe babbar rigarsa, ya dubi ƙasa ya ce, "To, tunda mun zo."

Yaran ƙauyen suka yi mana jagora zuwa fadama. Ruwa ne da sauro da tsuntsaye, kamar yadda ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye shi ne yawan tsuntsayen, da yadda suke tashi gaba ɗaya su rufe gefen sama. Na koyar da wannan wuri a allo tsawon aikina, ranar na fara ganinsa.

Yau motar tana fita a kai a kai. Har yanzu suna da ɗaurin aure ne suke cika ta, amma Bilkisu ta gaya mini cewa matasan kamfanoni sun fara neman tafiya babu wani dalili sai ɗaukar hoto. Ban san abin da Malam Haladu zai ce da wannan ba. Ina zaton zai ce hoton ma ai dalili ne. Masu taron otal kuwa, da zai ba su shawara su daina jiran baƙi daga ƙetare su dubi tashar mota ranar Asabar, domin matafiyan da suke nema suna nan sanye da hula, za su gaisuwa. Ina da yaƙinin harkar za ta tashi, don na ga motar ta tashi daga inda awaki suke shan inuwarta.

Bai bar gini ba, bai bar sarauta ba. Ya bar tsohuwar bas da al'adar tsayawa a duba garin mutane kafin a juya. Alhaji Sani bai sake maganar 'yan gwangwan ba. Da na tsokane shi kwanan baya, cewa ya yi shi dai abu ɗaya ne ya dame shi: kujerar gaba ba ta da taushi, kuma tafiya mai zuwa Damagaram ce.