Mashin Ɗin Malamin Dauran

Wani jan mashin ne ya fara ɗaukar idona, yana tsaye a ƙofar kwaleji a Ƙaura Namoda, rana tana wasa a kan tankinsa. Wata ɗaliba mai farin mayafi ta fito, ta hau bayan mai shi tana dariya, suka tafi. Ni kuwa ina zaune cikin rumfata ta cajin waya, littafin soyayya buɗe a cinyata. A littattafan nan saurayi ba ya zuwa zance a ƙasa. Na ji a raina cewa ni ne saurayin labarin, abin hawa kawai ya rage mini.

Kafin nan ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Mahaifina ɗan dako ne a kasuwar hatsi, ya tashe mu da tsoron haram. Abin da Allah ya hore mini shi ne zaƙin baki, har samari kan zo in tsara musu kalaman da za su tura wa 'yan matansu.

Washegari mai mashin ya kawo wayarsa caji. Na roƙe shi ya ɗauke ni hoto a kai, na sa hoton a intanet don in burge. Kafin la'asar wani ya tambaya, "Na sayarwa ne?" Na daɗe ina kallon tambayar, sannan na rubuta, "E." Ya turo kafin alƙalami, na sauya layi. Babu wanda ya zo nemana, kuma wannan shirun shi ya kai ni ya baro.

Ana haka wani mutum da ake kira Dogo ya fara zama a bencin rumfata. Ba ya yawan magana, kuma kullum ƙafafunsa da jar ƙasar daji. Rannan ya ce, "Yaro, kana sai da hoto, ni ko ina da mashina na gaske. Babu takarda, babu tambaya." Na san daga ina suke fitowa, duk ɗan yankinmu ya sani. Amma na ce wa zuciyata ai ni dillali ne kawai.

A lokacin mutane suna tsoron hanyar Shinkafi da ta Zurmi saboda 'yan bindiga, ba mai fita sai dole. Da wannan tsoron na yi jari. Duk wanda ya ce zai zo ya duba, sai in kwantar da murya in ce, "Haba ɗan'uwa, ka sa ranka cikin hatsari don ƙarfe? Zauna gida, in ɗoro maka shi a mota." Har godiya suke yi mini.

Wata rana Dogo ya kawo wani baƙin mashin mai lafiya. A gefensa na hagu an yi waldar wani dogon ƙarfe daga giya zuwa kusa da tanki, yadda za a canza ta da hannu, ga kuma zobba biyu a jere. Na tambaye shi na mene ne. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, ya ce, "Mai shi ba ya buƙatarsa yanzu." Na yanke dogon ƙarfen, zobban suka gagare ni, sai na ɗauki hotuna duk ta gefen dama.

Wanda ya saya sunansa Buba, ɗan makiyaya daga Jangeru. Bai iya karatu ba, da murya muke magana. Ya ce ya sayar da bijiminsa don ya riƙa kai wa innarsa nono kasuwa, ƙafafunta sun gaji. Ya so ya zo ya gani, na karanta masa karatun hanya. Da mashin ya isa ya kira ni yana murna, sannan ya ce, "Amma Malam, waɗanga zobba na mine ne?"

Na ce, "Wurin rataya sanda ne. Kamar don kai aka yi shi."

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ta shiga daidai! Allah shi saka maka da alheri."

Mashin ɗin na wani malamin firamare ne a Dauran, mai shanyayyiyar ƙafar hagu. A zobban nan yake rataye sandar dogarawarsa. An tare shi a hanyar gona, ba a sake ganinsa da rai ba. Duk Dauran babu wanda bai san zobban ba.

Ranar kasuwar Shinkafi, ƙanen malamin ya ga mashin a gindin bishiya, sandar kiwo rataye a inda sandar yayansa take zama. Ya ƙwala ihu. Buba yana sauke ƙwaryar innarsa, bai ma san da shi ake ba. An ce yana ta ɗaga waya sama yana cewa, "Saye na yi! Ku saurara, saye na yi!" Wa zai saurara? Kafin jami'an tsaro su ƙwace shi, an karya masa ƙugu, an fasa masa ido ɗaya.

Ta wayar Buba aka gano ni. A ofishin 'yan sanda aka kunna mini muryata, mai taushi, tana cewa zauna gida ɗan'uwa. Ban taɓa jin abin da ya ba ni tsoro kamar ta ba. Dogo ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Ni aka kai gaban alƙali, daga can sai gidan yari. Mahaifina ya zo sau ɗaya, ya tsaya bai zauna ba, ya ce, "Buhun da ka ɗauka, ni ban iya kama maka." Ina ciki ya rasu.

Yanzu na fito, na tuba, ina facin taya a bakin tasha. Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku sayi abin hawa a hoto. Ku je ku zagaya shi, ku duba lambar inji, ku ga takarda, ku ga fuskar mai sayarwa a gaban shaidu. In hanya ta hana ku zuwa, ku haƙura. Wanda ya fi ku damuwa da lafiyarku alhali bai san ku ba, ku ji tsoronsa. Ku kuma masu zaƙin baki irina, ƙaryar farko ba ta da nauyi, shi ya sa ake ɗaukarta.

Bara na je Jangeru neman gafarar Buba. Na tarar danginsu sun tsallaka Nijar da shanun da suka rage, sai Buba da innarsa a wata bukka a bayan gari. Kotu ta wanke shi tuntuni, amma har yau akwai masu nuna shi da baki. Yana zaune a tabarma yana tufka igiya. Na yi sallama, na fara faɗin ko ni wane ne. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane muryar." Bai kore ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Can wani ɗan kabu-kabu ya wuce a kan mashin ta bayan danga, sai na ga igiyar ta faɗi daga hannunsa, ya toshe kunnuwa har ƙarar ta ɓace. Tsohuwar ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta kama hanyar kasuwa a ƙasa.